Kwamfutar tebur ta hannu a kan dubu 95: in saya ko in haƙura?

Maman Sadik:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana. Ni malama ce a wata firamare mai zaman kanta a Katsina, kuma duk ƙarshen zango ni ake ɗora wa buga tambayoyin jarrabawa da haɗa sakamakon yara a Excel. Ga ɗana zai zauna JAMB, ina so hannunsa ya saba da kwamfuta kafin ranar. Maƙwabcinmu ya rufe shagonsa na buga takardu, ya ce zai bar min tasa a kan naira dubu 95, da allo mai inci 19 da kibod da linzami. A jikin akwatin an rubuta Dell OptiPlex 7010, ga 'yar shuɗiyar takarda mai ɗauke da Core i5. Ya ce RAM ɗinta, wato ma'ajiyar wucin gadi da take aiki da ita, 4GB, ma'ajiya 500GB. Ya kunna a gabana, ta jima kafin ta buɗe, amma dai ta buɗe. Kuɗin adashi ne na ɗauka, ba na so su salwanta. Ta kai wannan kuɗin?

Bala Mai Gyara:
Wa alaikumus salam Malama. Wannan takardar ta Core i5 kada ta ruɗe ki, domin i5 iri-iri ne. Ki danna Ctrl da Shift da Esc lokaci guda, ki shiga Performance, za ki ga cikakken sunan furosesar, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. A irin wannan akwatin yawanci i5-3470 ake samu, kuma lambar farko, wato 3, ita ke nuna zubi na uku ne, na shekarar 2012. Ta kwana biyu ke nan. Duk da haka ba na raina ta, don ofisoshi aka ƙera ta, tana da juriya, kuma Word da Excel da atisayen JAMB ba za su gagare ta ba.

Jinkirin da kika gani, kusan kullum daga faifan ajiya yake. Wanda ke cikinta mai juyawa ne, kuma shi ke fara mutuwa. Ki sa a ɗora mata CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar faifai, kyauta ce. In ta nuna shuɗi, faifan lafiya lau. In ruwan ɗorawa ne, ya fara ciwo. Za ta kuma nuna miki awannin da ya yi a kunne.

Sannan ki roƙe shi ya buɗe murfin gefe, sakata ɗaya ake ja. Ki haska da tocilan waya. Akwai wasu ƙananan gwangwanaye tsaitsaye a kan babban allon ciki, saman kowanne ya kamata ya zama a shafe. In kin ga wanda ya kumbura ko ya yi tsatsa-tsatsa a ka, ki bar ta ko nawa ya rage. Ki duba fanka ko ƙurar hunturu ta toshe ta, ki shinshina bayan akwatin ko da ƙaurin ƙuna. Kwamfutar shago ta sha wutar janareto, abin da ya fi damuna ke nan. Ki bar ta a kunne kamar awa guda da bidiyo yana tafiya, ki gwada filasha a kowace kafar USB, ki buɗe farin shafi ki ga ko allon yana da zane ko tabo.

Abu Hanifa:
Oga Bala, ka bar babba. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa a ƙa'ida sai Intel zubi na takwas zuwa sama. Wannan ba ta cika sharaɗi ba. Ga batun wuta: ta tebur ba ta da batir, ana ɗauke wuta aikin da ba a adana ba ya tafi. Dole Malama ta sa kuɗin UPS a lissafi, wato akwatin batir da ke riƙe wuta na ɗan lokaci in an ɗauke. Ni da laftof 'yar gwanjo zan nema.

Bala Mai Gyara:
Gaskiyarka kan Windows, kuma hujja ce ta neman ragi. Amma laftof a wannan kuɗin, mai mataccen batir za ta samu, ga gyaranta ya fi tsada. Ta tebur kowane ɓangare ana cirewa a sa wani, RAM ɗinta DDR3 ce, tana ko'ina a kasuwa.

Hajiya Inna:
'Yata, ni abin da zan ƙara na maƙwabtaka ne. Kada kunya ta sa ki biya abin da zai riƙa cin ranki duk sanda kika gan shi a ƙofar gida. Ki tura Baban Sadik ko ƙaninki su yi cinikin, kuma a yi sharaɗi a gaban shaida cewa za ki riƙe ta mako guda, in ta nuna matsala a mayar.

Maman Sadik:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ƙanena ya je ya duba. i5-3470 ce kamar yadda Malam Bala ya ce, gwangwanayen nan duk lafiya, allon ma tas. Sai dai faifan ya nuna ruwan ɗorawa, awanni dubu 31 da 'yan kai. Kuma duk sanda aka kunna ta sai agogonta ya koma baya.

Bala Mai Gyara:
Agogon ba komai ba ne, ɗan batir ne mai kama da kwabo, CR2032, masu gyaran agogo ma suna sayarwa. Faifan kuwa ya yi kusan shekara uku da rabi yana juyawa in aka haɗa awannin, kada ki ɗora sakamakon yaran mutane a kansa. Ki kira shago biyu ki ji kuɗin SSD, wato ma'ajiya mai sauri da ba ta juyawa, mai 256GB da ƙarin RAM 4GB, ki cire jimlar daga dubu 95, abin da ya rage shi ne tayinki. Ki kuma tambaye su nawa suke sayar da 7010 da allonta, don mai shago yakan ba da garanti ko na 'yan kwanaki ne, maƙwabci kuwa sai in an yi sharaɗin da Hajiya ta faɗa. In ya amince, ki kai wa mai gyara ya sa SSD ɗin ya ɗora Windows sabuwa, tsohon faifan kuma a mayar wa mai shi, ƙila akwai takardun mutane a ciki.