Neman kalma: me za mu kira "siriyalaizeshin" a aikin gungun sabobi?

Mai koyar da Java, Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum jama'a. Ana rubuta darasi da Hausa don ɗalibai masu koyon gina manhajar yanar gizo a nan Katsina, sai kalma ɗaya ta tsaya mana a wuya: siriyalaizeshin. Seshin mun riga mun tsaya a kan "zama", kulasta kuma "gungu".

Ga abin da ake so kalmar ta ɗauka. Mutum ya shiga shafi, saba, wato na'urar da ke riƙe da shafin, ta buɗe mashi zama, ta ba burauzarsa kuki mai lamba, JSESSIONID a Java, PHPSESSID a PHP. Lambar kaɗai ke hannunsa. Sunansa da matsayinsa da rabin fom ɗin da ya cike duk suna ƙwaƙwalwar saba. In saba ɗaya ce, ba magana. In uku ne a bayan mai raba nauyi, wato abin da ke rarraba masu buƙatun baƙi, buƙatarsa ta gaba tana iya faɗawa kan wadda ba ta san shi ba, ta ce ya sake shiga. Dole ke nan bayanan su ƙetara zuwa wata na'ura. Matsalar ita ce abin da ke ƙwaƙwalwa ba a jere yake ba: wannan abu yana riƙe da adireshin wancan, wancan yana riƙe da na wani, kuma adireshin ba shi da ma'ana a na'urar maƙwabta. Sai an bi su ɗaya bayan ɗaya an rubuta su bayit-bayit. Sunan wannan aiki muke nema, da na kishiyarsa.

Injiniya daga Daura:
Wa'alaikumus salam Malam. Ni "naɗewa" da "warwarewa" nake ji a baki. A naɗe zama, a tura, a warware shi can. Gajeru ne, yaro ma ya san su.

Malamar Hausa, Ƙofar Marusa:
Injiniya, naɗi ya riga ya yi kaya da yawa. Ga na rawani, wanda ba sai an gaya wa mutumin Daura ba, ga kuma naɗar murya da hoto da gidajen rediyo suka riƙe. In ɗalibi ya ga "naɗe zama" zai ɗauka an ɗauki zaman a faifai ne. Me zai hana "ƙunshewa" da "kwancewa"?

Mai kula da sabobi, Sabuwar Unguwa:
Hajiya, ki yi mani afuwa, dukansu biyun ba su yi mani ba, kuma dalilin na cikin aikin ne. In ka naɗe tabarma ka warware, tabarmar nan ce dai da kanta. A nan kuwa abin da ya fito a saba ta biyu sabo ne, an gina shi daga rubutu, kuma duk abin da bai shiga rubutun ba ya tafi. Kusan duk ciwon kan da ake sha daga nan yake fitowa.

A Java, kilas sai ya ɗauki alamar Serializable, wadda ke nan tun JDK 1.1 na 1997. Gurbi shi ne wurin ajiye bayani ɗaya a cikin kilas. Gurbin da aka sa wa transient ba a rubuta shi, can zai fito babu komai, ko sifili in lamba ce. Na static ma ba ya tafiya. Kuma lokacin sake ginawa ba a kiran maginin kilas ɗin, wato constructor, don haka duk shirin da ka dogara magini ya yi maka, ba a yi ba. Sannan akwai abubuwan da ba su rubutuwa sam: buɗaɗɗen haɗi da rumbun bayanai, soket, fayil da ke buɗe. Waɗannan rayuwarsu ɗaure take da na'urar da ta buɗe su. PHP ma haka, ka ajiye haɗin PDO, wato haɗinta da rumbun bayanai, cikin zama ka ga yadda za ta ƙi.

Abin da ya fi ɓata rai a Tomcat, sabar manhajojin Java: in ka sa alamar distributable a web.xml, tana duba abin da ka miƙa wa setAttribute don a ajiye a zama, in ba shi da alamar Serializable ta ƙi nan take. To na sama kaɗai take dubawa. In kwandon sayayya yana da alama amma a cikinsa akwai wani abu maras alama, za ta karɓa lafiya lau, sai an zo rubutawa NotSerializableException ya fito a log. Mai shafi ba ya ganin komai har ranar da saba ɗaya ta mutu, jama'a suka tarar kwandunansu wayam.

Ƙunshi kuma yana sa mutum ya zaci an ɓoye abin. Ba a ɓoye komai ba. Rubutun Java yana farawa da AC ED 00 05, sunayen kilas da na gurabe suna nan a fili ga duk wanda ya kama shi a hanya. Ɓoyewa aiki ne daban, matsewa ma daban.

Injiniya daga Daura:
Na yarda da batun tabarma. To wace ce taka?

Mai kula da sabobi, Sabuwar Unguwa:
"Jerantawa" a tafiya, "harhaɗawa" a dawowa. Na biyun ne ma ya fi muhimmanci a wurina, don wanda ya ji an harhaɗa abu ya san akwai yiwuwar wani ɓangare bai zo ba, ko ya zo bai shiga gurbinsa ba.

Shi ne ainihin abin da ke faruwa ranar ɗora sabon zubin manhaja. Ka sabunta saba ta ɗaya, ta biyu tana kan tsohon. Kowane kilas yana da lamba, serialVersionUID. In ba ka rubuta ta da hannunka ba, Java ke lissafa ta daga siffar kilas ɗin, ƙara gurbi ɗaya ya isa ya canza ta. Tsohuwar saba ta jeranta, sabuwa ta duba lamba ta ga ba ɗaya ba, sai InvalidClassException. Magani: ka rubuta lambar da kanka, in za ka canza kilas ka tsaya ga ƙarin gurbi, kada ka canza nau'in wanda ke nan. In canjin babba ne, gara a yi shi da dare a zubar da zaman kowa gaba ɗaya.

Malamar Hausa, Ƙofar Marusa:
Bari in gwada ta a nahawu, don kalmar da ba ta juyuwa ba ta da amfani a aji. Ya jeranta zama. Jerantaccen zama. Wannan abu yana jerantuwa, wancan ba ya jerantuwa, kamar yadda muke cewa ba ya gyaruwa. An samu fassarar Serializable ke nan ba tare da ƙarin ko harafi ba: mai jerantuwa. A ɗaya ɓangaren, zaman ya ƙi harhaɗuwa. Ta zauna. Abin da zan roƙa kawai, kada a gajarta ta zuwa "jerawa". Wannan a bar wa tsara suna daga A zuwa Z.

Mai aikin rumbun bayanai, Ƙofar Soro:
Allah ya gafarta malamai, akwai rami a gaba. A SQL akwai matakin keɓewa da Turawa suka ba suna iri ɗaya, SERIALIZABLE, kuma ma'anarsa daban: mu'amaloli su gudana tare amma sakamako ya fito tamkar an yi su ɗaya bayan ɗaya. Su sun haɗa abu biyu a kalma ɗaya suna rikita ɗalibansu, mu ba dole mu gaji wannan ba. A bar jerantawa ga bayit, wancan a kira shi matakin "bi-da-bi".

Tunda ana maganar harhaɗawa, a sa gargaɗi da jan biro: kada a harhaɗa abin da ya fito daga hannun baƙo. Harhaɗawa tana aiwatar da umarnin manhaja, ba karatu kaɗai ba ce. A 2015 aka nuna yadda ake bi ta Apache Commons Collections, wani laburaren Java, a sa saba ta aiwatar da umarnin maharin. Pickle, hanyar jerantawa ta Python, ma haka yake, shi ya sa Django, tsarin gina shafi da Python, ya koma tsarin rubutu na JSON tun zubi na 1.6 a 2013. Tashar da sabobi ke musayar zama, daga 4000 zuwa sama a Tomcat, ta tsaya a hanyar cikin gida.

Mai koyar da Java, Ƙofar Ƙaura:
Madalla. Jerantawa, harhaɗawa, mai jerantuwa, bi-da-bi. Na rubuta. Saura tambayar da na san ɗalibai za su yi: in an manne mutum da saba ɗaya ta hanyar saitin jvmRoute na Tomcat, har yanzu ana buƙatar jerantawa?

Injiniya daga Daura:
Mannewa tana rage zirga-zirga ne kawai, Malam. Sabar ta faɗi, zaman ya bi ta, sai in akwai kwafi a wani wuri. A Tomcat akwai masu kwafin zama iri biyu. DeltaManager yana aika kowane canji ga kowa da kowa a gungu, shi ya sa masu Tomcat su kansu suka ce ya dace da ƙaramin gungu, kamar saba huɗu. BackupManager kuwa saba ɗaya kawai yake ba ajiyar kwafi. Ko kuma a fitar da zaman gaba ɗaya zuwa Redis, rumbun ajiya na daban da duk sabobin ke duba.

Ka yi wa ɗalibai lissafi a allo. A ce kowane zama ya kai kilobayit 200 saboda an cusa sakamakon bincike a ciki, mutum 5,000 suna kan shafi ranar rajista: kusan gigabayit 1 ke nan a kan kowace saba, kuma zaman yana nan minti 30 bayan mai shi ya tafi in ba a taɓa saitin ba. Lambar ɗalibi ta isa a ajiye, sauran a ɗauko daga rumbu.

Kuma su sani DeltaManager kiran setAttribute yake kallo. Ka ɗauko kwando daga zama, ka ƙara kaya, ba ka mayar da shi ta setAttribute ba, sabarka tana ganin kayan, sauran ba su da labari.

Mai aikin rumbun bayanai, Ƙofar Soro:
Masu Django su ƙara wannan. JSON bai san makulli na lamba ba. Ka ajiye abu a zama ƙarƙashin lamba 0, in aka harhaɗa zai dawo ƙarƙashin rubutun "0", ka nema da lamba ka sami KeyError. Kwanan wata ma ba ya jerantuwa kai tsaye, sai ka mai da shi rubutu kafin ajiya.