Abin da aka tattauna kan allurar dawo da ƙuruciya

Jama'a ga abin da na tattaro tun jiya:

1. Kusan kowa ya yarda allurar sitem sel (ƙwayoyin jiki na asali da ke samar da sabbin ƙwayoyi) da ake talla a Lekki ta Legas don dawo da ƙuruciya babu hujja tukuna, inda aka tabbatar da amfaninsa shi ne dashen ɓargo, irin na masu sikila a LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas.
2. PRP kuwa jininka ake ɗiba a juya a inji a tsira maka a gwiwa. Nan aka rabu, wasu sun ji sauƙi, wasu sun ce asarar kuɗi.
3. Maza kar a taɓa testosterone (homon na maza) sai an gwada jini da safe, yana rage ƙwayoyin haihuwa a maniyyi fa.
4. Maganin homon na rage zufar dare bayan ɗaukewar al'ada, amma mai tarihin kansar nono sai da izinin likita.