Wace kalma za mu ba "playing age" a Hausa?

Jama'a, wata kalma ce ta tsaya mini a wuya kwana uku, bari in ba ku labarin yadda muka ƙare da ita, wanda bai gamsu ba sai ya kawo tasa.

Wasu samari a Aboabo, nan Kumasi, suna shirin ɗaukar gajeren fim da Hausa. Labarin wata yarinya ce 'yar shekara 16 da aka cire daga makaranta aka ɗora mata talla a kasuwar Kejetia. Suka kawo mini sanarwar neman 'yan wasa in mayar da ita Hausa don a karanta a rediyo. Wanda ya rubuta ta a NAFTI, makarantar koyon aikin fim da talabijin, ya yi karatu, can Accra, saboda haka Turancin 'yan fim ne zalla. Ina ta tafiya lafiya sai na ci karo da layin da ke cewa ana neman mace mai "playing age" 15 zuwa 18. Nan alƙalami ya tsaya.

Ba shekarun da ke kan Ghana Card ake nufi ba. Shekarun da mai kallo zai yarda kana da su ne idan ya gan ka a allo. Mace na iya zama 'yar 27, a sa mata yunifom da hijabi, kowa ya ɗauka 'yar sakandare ce.

Abin da ya fara zo mini shi ne "shekarun wasa". Na karanta wa Yayata, ta ce, "Wasan ƙasa? Yara kuke nema?" Shi ke nan, kalmar ta mutu tun a tsakar gida.

Da dare na kai maganar wurin shan ataya. Wani ya ce "shekarun fim". Kafin ya rufe baki aka tuntsire da dariya, aka ce ai ƙanwar shekarun ƙwallo ce. Duk wanda ya taso a Ghana ya san shekarun ƙwallo: ɗan wasa mai gemu da 'ya'ya biyu, takardarsa ta ce 17. Da a ce mun sa wannan a rediyo, abin da mutane za su ji shi ne ana neman wadda za ta rage shekarunta. Ni kuwa a nan na fi dagewa, don kalmar da muke nema ba ta da ƙarya a cikinta ko kaɗan. Ɗan ƙwallo ɓoye shekarunsa yake don ya shiga gasar da ba tasa ba. Jaruma ba ta ɓoye komai. Darakta ya san shekarunta, furodusa ya sani, mai kallo ma sau da yawa ya sani, ya kuma yarda a tafi a haka.

Iyayenmu da suka sha kallon Mother India, wane ne a cikinsu ya tashi ya bar silima? Fim ɗin ya fito a 1957. Nargis, wadda ta fito a uwa har ta tsufa tukuf a labarin, an haife ta a 1929. Sunil Dutt da ya fito a ɗanta shi ma 1929. Wata ɗaya aka haife su, kuma a 1958, 'yan watanni bayan fitowar fim ɗin, suka yi aure. Duk da haka mata sun zubar wa uwar nan da hawaye.

Wani Bakano da ke sayen goro a nan ya ce, "Malam, ai muna da ita. Mai ƙaramin ruwa." Na ji daɗin wannan, don Hausa ce tsantsa, haka ake faɗa wa wanda jikinsa bai nuna shekarunsa. Amma ƙafa ɗaya gare ta. Ƙasa kawai take gangarawa, alhali abin da muke nema yana hawa sama ma. Lil Win na Kumawood, masana'antar fim ta Kumasi, yana saurayi ya yi suna da fitowa a tsoho, da sanda da furfurar hoda. Ba za ka ce masa mai ƙaramin ruwa ba. Kuma ba ta ɗaukar lamba. Gwada cewa "ƙaramin ruwa 15 zuwa 18" ka ji.

Daga nan sai hira ta bar kalma ta koma gardama. Wani malamin makarantar allo da ke zama da mu ya ce shi bai ga dalilin wahalar ba: tunda 'yar 16 ake so, a ɗauko 'yar 16 mana. Zango cike yake da su.

Allah gafarta Malam, a nan ne ban bi ka ba. Dokar yara ta Ghana ta 1998 ta ce duk wanda bai kai 18 ba yaro ne, kuma ta hana sa yaro aikin dare, daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe. Rabin fim ɗin samarin nan da dare za a ɗauka, lokacin da kasuwa ta lafa. Ga makaranta, ga jarrabawa. Ga shi a labarin akwai inda wani babban mutum yake tare yarinyar a lungu yana yi mata maganar banza, kuma sai an maimaita ɗaukar wurin sau goma kafin darakta ya ce ya yi. Wace uwa ce a Aboabo ko Asawase za ta ba da 'yarta a yi wannan da ita? Ni ba zan ba da tawa ba. Babbar mace ta san wasa take yi, in an gama ta wanke fuska ta hau pragya, keken nan mai ƙafa uku, ta koma gida. Sannan fim mai dogon zango yakan ci shekara biyu ko uku ana ɗauka. Yarinya ta gaske za ta girma a gaban kyamara alhali a labarin wata uku kacal ya wuce.

Saboda haka a wurina shekarun haihuwa suna da muhimmanci ta gefe ɗaya: a tabbata ta kai 18. Daga nan zuwa sama, ido ne alƙali.

Kuma a lura, mata ake yi wa wannan ƙidayar. Aamir Khan yana da shekara 44 ya fito a ɗalibin jami'a a 2009, muka tafa masa. Da mace ce ta yi haka, da har yau ana yawo da hotonta a WhatsApp ana cewa gyatuma ta sa yunifom.

Ba wai kowa zai wuce ba ne. Fuska takan rufa asiri, amma murya, da tafiya, da bayan hannu, da yadda mace ke zama a kan tabarma, su ke tona shi. Kyamara in ta matso kusa ba ta da kunya, kuma hoda in ta yi yawa ƙara shekaru take.

Wadda ta raba gardamar ba ta ma cikin hirar. Hajiya mai koko ce, washegari da safe, ina ba wani labarin tana zuba mini. Ta ce, "Ɗana, ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Ni in na kalli yarinya na san shekarun da ido ya ba ta." Na ajiye kofin.

Shekarun ido.

Wani ya ce tana kama da "ganin ido", wanda riya ce. Na yarda suna maƙwabtaka, shi ya sa ba mu sa "gani" a ciki ba. Na gwada ta a baki: "Shekarunta na haihuwa 27, na ido 17." "Shekarun idonta sun wuce wannan rol ɗin." "Nargis ta haura shekarun idonta da kwalliya." Duk sun zauna. Tana hawa, tana sauka, tana ɗaukar lamba, kuma ba ta zargin kowa da ƙarya. Abin da ya fi, na faɗa wa mutum huɗu ba tare da bayani ba, uku suka gane nan take. Na huɗun ya zaci maganar tabarau ce.

Ga yadda layin ya tafi rediyo: "Ana neman mace wadda ta kai shekara 18 a haihuwa, mai shekarun ido 15 zuwa 18, mai jin Hausa da Turanci, in tana jin Twi ya fi."

Mata tara suka zo ranar Asabar. Wadda aka ɗauka tela ce daga Sawaba, da goyonta ta zo. Yanzu samarin sun dawo mini da wata takardar, wai in nemo musu Hausar "audition". Na rubuta "gwaji" da fensir tukuna.