Zuba kifin ƙyanƙyasa a kogi: ceto ne ko lalata iri?

Baba Mai Fatsa: Jama'a, wai an ce zuba 'ya'yan kifin da aka ƙyanƙyashe a gidan kiwo cikin kogi yana lalata irin kifin da ke kogin. Ni dai abin bai shige ni ba. Kifi ya ragu, an ƙara masa 'yan'uwansa, ina laifi? Ai ba baƙon iri aka kawo ba.

Malama Mai Nazari: Baba, iri ɗaya ne a ido, amma duba yadda aka raine su. A kogi uwa ta zuba dubban ƙwai, kaɗan ne ke rayuwa: wanda ya iya ɓuya, ya iya neman abinci, ya jure ambaliya. A kwaramin kiwo kuwa mafi yawansu na tsira, kuma wanda ke gaba shi ne mai jure cunkoso, mai rugowa saman ruwa in an watsa abinci, mara tsoro. Ma'aikaci ne ma ke haɗa mace da namiji, ba su suka zaɓi juna ba. An gwada wannan a kogin Hood na jihar Oregon a Amurka, kan wani kifi dangin salmon (kifin da ake haifa a kogi, ya girma a teku, ya dawo kogi haihuwa) da ake kira sitilhed. Wani mai bincike, Araki, da abokan aikinsa sun bi diddigin iyaye da 'ya'ya ta gwajin DNA, suka wallafa a mujallar Science a 2007 cewa kowace zuriya ɗaya da aka yi a gidan kiwo tana rage nasarar haihuwa a kogi da kusan kashi 40 cikin ɗari.

Mai Ƙyanƙyasa: Malama, da girmamawa, kogi ɗaya kika kawo. Ga nawa. A 1992 kifin salmon na nau'in da ake kira sokayi guda ɗaya tak, namiji, ya dawo tafkin Redfish a jihar Idaho ta Amurka. Ba don an tattara ragowar irin an raine su a tsare ba, da yau sai dai labari. Kuma a rafin Johnson, a Idahon dai, shirin zuba kifi na ƙabilar Nez Perce, 'yan asalin Amurka, ya ƙara yawan salmon na nau'in shinuk, binciken 2012 bai ga raguwar haihuwa a na kogin da suka haɗu da na kiwo ba. Madatsun ruwa ne suka tare wa kifi hanya, kun bar jaki kuna dukan taiki.

Malama Mai Nazari: Malam, misalin Redfish na karɓa, wannan ceton gaggawa ne. Amma na Johnson ai hujjata ce. A can, duk shekara daga kifin da aka haifa a kogi ake ɗaukar iyaye, ba a juya zuriyar kiwo a kan kanta. Shirye-shirye nawa ke yin haka? A arewacin tekun Fasifik kaɗai ana sakin 'ya'yan salmon kusan biliyan 5 duk shekara, galibi don a samu na kamawa, ba don ceton iri ba.

Ɗan Aji Uku: Malama, tambaya. Ta yaya aka san gado ne ba tarbiyya ba? Wataƙila kifin ya saba da a ba shi a baki ne kawai.

Malama Mai Nazari: Tambaya mai kyau, ƙanena. Saboda ita ne aka raini 'ya'yan na kogi da 'ya'yan na kiwo a wuri guda, ruwa ɗaya, abinci ɗaya. A sakamakon da mai bincike Christie da abokansa suka fitar a 2016, ƙwayoyin gado sama da 700 sun bambanta wajen aiki, da yawa a kan warkar da rauni da garkuwar jiki. Bayan zuriya ɗaya kawai. Akwai kuma abin da masu bincike Ryman da Laikre suka lissafa tun 1991: in ka ɗauki iyaye 'yan kaɗan ka cika kogi da 'ya'yansu, adadi zai hau, amma kusan kowa ɗan'uwan wani ne na jini. Ranar da cuta ta zo, ta same su da rauni iri ɗaya.

Mai Ƙyanƙyasa: Bambancin aikin ƙwayar gado ba shi ne lalacewa ba. Ki nuna mini kogin da aka daina zuba kifi ya farfaɗo alhali madatsar na nan daram.

Baba Mai Fatsa: To ni da ke son in jefa fatsa in samu abin kamawa fa? In jira sai an rushe madatsa?

Ɗan Aji Uku: Baba, a Ingila tun 2015 kifin tirawut (dangin salmon) na kiwo da ake zuba wa masu fatsa a koguna dole ya zama wanda ba ya haihuwa, sai in daga iyayen kogin aka samo shi. Ka kama abinka, gadon na kogi bai taɓu ba. Wales kuma ta yanke shawarar daina zuba salmon a 2014.

Mai Ƙyanƙyasa: Wanda ba ya haihuwa ai ba zai daina cin abincin na kogi ba, kuma ba zai maido da iri ba. Sannan ku duba salmon ɗin Wales ɗin, har yanzu raguwa yake yi.

Malama Mai Nazari: Yana raguwa a Sikotland da Norway ma, Malam, matsalar teku ce ta haɗa su. Ka ba ni amsar wannan tukuna: a shirin da kake karewa, kashi nawa na kifin da ke zuba ƙwai a kogin 'yan kiwo ne, kuma ana yanke musu ƙaramin fiffiken baya don a gane su a ƙirga?