Neman shawara: ɗan wasanmu na gaba ya fara shan giya, ƙananan yara na kallo

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ke horar da wata ƙungiyar ƙwallo ta unguwa a nan Birnin Kebbi, yara daga shekara 15 zuwa 24. Wanda ya fi kowa ci mana ƙwallo ya shiga shan giya, irin 'yar ledar nan da ake ɓoyewa a aljihu. Akwai wani mai hali da ke ƙaunar ƙungiyar, duk ranar da muka ci wasa sai ya damƙa wa manyan 'yan wasa kuɗi a hannu, kuma na tabbatar can kuɗin ke tafiya. Washegari yaron ya zo atisaye ido jajur, zagaye biyu ya gagare shi. Abin da ke hana ni barci shi ne ƙananan, don har tafiyarsa suke kwaikwayo, kuma shi ke goya wasu a babur ya mai da su gida. Kwamiti ya rabu: wasu a kore shi, wasu a kai shi Hisba. Maraya ne, uwarsa ta kawo mini shi da hannunta. Ku ba ni shawara don Allah.

Wani tsohon ɗan wasa daga Jega: Wa alaikumus salam Koci. Kar ka kore shi. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Filin nan ne kaɗai wurin da ake jiransa da asuba, in ka rufe masa shi, waɗanda ke saya masa giyar su za su gaje shi. Kuɗin nan za ka fara toshewa. Kyautar ta bi ta hannun ma'aji, a sayi takalma da riguna, ranar wasa a dafa shinkafa a kawo zoɓo mai sanyi, kowa ya zauna a ci tare har a kira magariba. Sa'o'in nan na bayan tashi daga wasa su ne ke cinye yara.

Wani dattijo: Ɗana, ku bar batun cin ƙwallo. Amanar 'ya'yan mutane ke hannunka. Daga yau kada ya ƙara goya yaron kowa a babur, wannan ba ya jiran zaman kwamiti. Kebbi na cikin jihohin da suka ɗauki Shari'a tun 2000, NAFDAC ma ta sanar da hana giyar leda da ta ƙananan kwalabe ƙasa da mililita 200 a 2024. In za a kai ƙara, mai sayarwa za a kai. Shi kuwa yaron a zaunar da shi benci, ya ji a jikinsa.

Wata ma'aikaciyar jinya: Malam Koci, giya na sa yawan fitsari, ruwan jiki ya ƙare, ga zafinmu na Afrilu da ke wuce digiri 40. Tana ɓata barci, tana hana tsoka murmurewa bayan wasa, shi ya sa kake ganinsa haka. Amma ka bincika a hankali: kullum yake sha, ko sai ranar wasa? Wanda jikinsa ya saba, in ya yanke lokaci guda zai iya samun rawar hannu, gumi, har da jijjiga mai haɗari. Irin wannan sai da likita, ko a Asibitin Sir Yahaya, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware. Ka tambaye shi batun tiramol ma, don sau da yawa tare suke tafiya. Tun Janairun 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa, in yana mafarkin zuwa babbar ƙungiya ya san da haka.

Wani malamin Islamiyya: Haramcin giya ba shakka a cikinsa, aya ta 90 a Ma'ida ta yanke magana. Amma a Bukhari, da wani ya tsine wa mutumin da aka sha kawowa saboda giya, Annabi (SAW) ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. Ka kira shi ku biyu, ba a gaban yara ba. Uwar tasa kuma a gaya mata cikin sutura, tana da haƙƙin ta sani.

Wani sakataren ƙungiya daga Zuru: Mu nan Musulmi da Kirista muke wasa tare, sai muka rubuta doka kowa ya sa hannu, har koci. Ba sha a fili, ba sha cikin motar tafiya, ba sha da rigar ƙungiya, ba sha daren jajibirin wasa. Wanda ya karya, wasa biyu a benci ko wane ne shi. Ranar da muka zaunar da kyaftin ne yara suka yarda da gaske muke.

Mai tambaya: Allah Ya saka da alheri. Maganar babur na yanke ta yau, gobe bayan asuba zan zauna da shi. Saura Alhajin nan mai ba 'yan wasa kuɗi. Mutum ne mai son a gan shi yana rabo da hannunsa, kuma shi ke biya mana kuɗin mota. Baba dattijo, wa ya kamata ya raka ni wurinsa, mai unguwa ko liman?