Wace kalma za mu ba yaron da tsawonsa bai kai na shekarunsa ba?

A rahotannin kiwon lafiyar yara akwai kalmar Turanci *stunting*, kuma masu fassara ba su tsaya a kan abu ɗaya ba wajen mayar da ita Hausa: wani ya ce gajarta, wani wadanci, wani tamowa, wani kuma ya zagaya ya ce rashin girma. Ina ganin ba za a daidaita ba sai an fara duba abin da likitoci suke aunawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jadawalin girman yara a 2006, bayan ta auna yara fiye da 8,000 masu samun kulawa mai kyau a Brazil da Ghana da Indiya da Norway da Oman da Amurka, inda aka ga cewa a shekarun farko yaran waɗannan ƙasashe suna girma kusan iri ɗaya duk da bambancin asalinsu. Yaron da bai kai shekara 2 ba a kwance ake auna shi a kan allo, mutum ɗaya ya riƙe kansa, ɗaya ya miƙe gwiwoyinsa ya matso katakon ƙafa har ya taɓa dugadugansa. Wanda ya kai shekara 2 kuwa a tsaye ake auna shi ba takalmi. Tsakanin awon biyu akwai bambancin santimita 0.7, domin mutum ya fi tsawo a kwance. Daga nan sai a gwada da jadawalin. Namiji ɗan shekara 5, alal misali, tsaka-tsakin tsawonsa santimita 110 ne, kuma idan ya gaza kimanin 101 an ce ya shiga wannan hali. Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2022 ya nuna yara kusan miliyan 148 'yan ƙasa da shekara 5 suna ciki.

To, gajarta ba ta ɗauki wannan ma'ana ba, domin siffa ce kawai, ba ta faɗi dalili. Masana sun nuna cewa inda abinci ya wadata, kusan kashi 80 cikin 100 na bambancin tsawo tsakanin mutane gado ne, saboda haka gajeren da ya yi gadon iyayensa lafiyarsa ƙalau, kuma zalunci ne a haɗa shi da wanda yunwa da yawan gudawa suka danne. Wadanci ya fi gajarta nisa da abin da ake nufi, tunda galibinsa sauyi ne a ƙwayar halitta mai kula da girman ƙashi, abinci ba ya kawo shi, ba ya kuma kawar da shi. Tamowa kuwa sunan rashin abinci mai gina jiki ne, wato ɗaya daga cikin sabuba, ba sakamakon da ake aunawa da allo ba.

Kalmar da nake goyon baya ita ce tsumburewa. Bahaushe yana cewa shuka ta tsumbure idan ta fito da kyau sannan rashin ruwa ko rashin taki ya tsayar da ita, kuma a cikin wannan aikatau akwai duk abin da ake bukata: akwai girman da ya kamata a kai, akwai wani abu daga waje da ya hana, akwai kuma daɗewar lamarin. Haka abin yake ga yaro, domin yawancin ɓarnar tana faruwa ne a kwanaki 1,000 na farko, daga shigar ciki zuwa cikar shekara 2, kuma abin da aka rasa a lokacin da wuya a cike shi daga baya.

Wata ma'aikaciyar lafiya ta yi mini gyara mai ƙarfi, ta ce babu uwar da za ta ji an kira ɗanta tsumburarre ta sake kawo shi awo. Gaskiyarta, kalmar tana da kaifi, har zagi ake yi da ita. Amma wannan matsalar siffa ce, wato tsumburarre, ba ta sunan tsumburewa ba. A rahoto da labarai a rubuta tsumburewar yara, a gaban uwa kuma a ce tsawonsa bai kai na shekarunsa ba, sannan a nuna mata layin a katin awo.

Saura wuri ɗaya da ake tuntuɓe. Tsumburewa da tsamurewa sun yi kama a kunne, musamman a rediyo, alhali tsamurewa ta fi dacewa da yaron da nauyinsa ya gaza na tsawonsa, wanda hali ne na gaggawa da yake iya kisa cikin makonni. Shawarata ita ce a bar wa wancan hali sunan rama mai tsanani, a keɓe tsumburewa ga tsawo kaɗai.