Wata uku da fara golf, har yanzu ƙwallona dama take gudu

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata uku ke nan da na fara wasan golf, kuma gaskiya gwiwata ta fara sanyi. Jiya na zagaya ramuka 18 karo na huɗu, na tashi da bugu 131, ƙwallo bakwai suka ɓace mini. Duk sanda na ɗauko direba, wato doguwar sandar bugun nesa, sai ƙwallon ta tashi kamar za ta miƙe, can kuma ta lanƙwasa dama ta faɗa cikin itatuwa. Ba don rashin ƙoƙari ba ne, kwando biyu na ƙwallo nake bugawa a filin atisaye kusan kullum, tafin hannuna har ya yi kanta. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi, don Allah kowa ya faɗa mini abin da ya same shi a shekararsa ta farko da yadda ya fita.

Tsohon Hannu:
Wa alaikumus salam ƙanena. Shekarata 19 a wasan nan, biyu daga ciki da wannan lanƙwasar na yi su. 'Yan wasa na ce mata silais. Abin da ke kawo ta shi ne fuskar sanda tana isa ga ƙwallo a buɗe, tana kallon dama da hanyar da sandar ta biyo, sai ƙwallon ta tashi tana juyi a kaikaice. Ni kuwa da na ga tana tafiya dama sai na riƙa saitin hagu, ashe ƙara wa wutar fetur nake yi, don sandar sai ta ƙara yanko ƙwallon daga waje.

Riƙo ne ya gyara ni. Idan kai na-dama ne, ka kama sandar da hagu, ka duba ƙasa. In gaɓar yatsa ɗaya kawai kake gani a bayan hannunka, to ka murɗa hannun kaɗan zuwa dama har ka ga biyu ko uku. Sandar ta kwanta a yatsu, kada ta nutse a tsakiyar tafi. Kantar da ka ambata ma ta nuna mini kana matse ta da yawa. Mako biyun farko sabon riƙon zai yi maka baƙo, har za ka ji kamar ka koma wa na da. Ka daure.

Sannan ka ajiye direban nan tukuna. Na yi wata huɗu ba ya cikin jakata. Ƙarfe mai lamba 7, sanda matsakaiciya mai kan ƙarfe, nake tashi da shi, yana kai mini mita 120 a miƙe. Ramin mita 350 bugu uku ne na isa girin, wato shimfiɗar gajeriyar ciyawa inda ramin yake, ba tare da na shiga daji ko sau ɗaya ba. A haka na fara sauka ƙasa da 110.

Bahago:
Yaya, maganar riƙo na yarda da ita ɗari bisa ɗari, amma ta ajiye direba ina da ja. Ni na ajiye shi shekara guda, da na dawo gare shi sai na tarar tsoronsa ya ƙaru, matsalar kuma tana nan inda na bar ta. Ya bar shi a ranar wasa, na yarda, amma a filin atisaye ya riƙa buga goma da shi, a hankali, da rabin ƙarfinsa.

Abin da na fi nadama shi ne jinkirin zuwa wurin koci. Wata takwas ina karɓar shawara daga duk wanda ya tsaya kusa da ni. Wannan ya ce ka danne kanka, wancan ya ce ka ƙame hannun hagu, wani ya ce ka juya ƙugu. Da na tsaya kan ƙwallo sai murya biyar su taso mini a kai. Darasi uku kacal na yi da koci, abu ɗaya ya ba ni na riƙe kowane mako, na ga canjin da wata takwas bai ba ni ba. Ka jingine waya a bayanka ta ɗauki bugunka, abin da kake ji kana yi daban yake da abin da za ka gani.

Ga 'yan'uwana bahagwai kuma: ku gwada ɓangarorin biyu kafin ku sayi sanduna. Shahararren ɗan wasan golf Phil Mickelson na-dama ne a rayuwarsa ta yau da kullum, amma da hagu yake buga golf. Jiki ne zai faɗa maka inda ya fi sakewa.

Maman Biyu:
Malam Sabon Shiga, a cikin 131 ɗin nan, nawa ne ka buga a kan girin? Na san ba ka ƙirga ba, don ni ma ban taɓa ƙirgawa ba sai da wata dattijuwa da muke wasa tare ta sa ni. Ranar na yi 118, kuma 47 daga ciki da fota, sandar gangara ƙwallo zuwa rami, na yi su, ƙwallo na gangarawa a ƙasa, ramin yana gabana. Jikina ya yi sanyi, domin duk lokacin atisayena a kan doguwar sanda yake ƙarewa.

Ka duba lissafin da kanka. A filin da aka tsara wa bugu 72, an ware wa kowane rami bugu biyu na fota, 36 ke nan, rabin wasan gaba ɗaya. Amma ka je wurin atisaye ka gani, layin masu direba a cike, girin na gwaji babu kowa.

Abin da na yi ba shi da wuya. A gida na ajiye kofi a kan darduma, kowane dare ina gangara ƙwallo 20 daga mita ɗaya. Faɗin rami milimita 108 ne, daga mita ɗaya yana da girma in hannu ba ya rawa. Daga nesa kuma na daina neman ta faɗa, burina ta tsaya kusa yadda bugu na biyu ba zai ba ni fargaba ba. Yawancin bugu uku-uku da nake yi daga ƙarfin bugun suke zuwa, ko ta gaza sosai ko ta wuce sosai, saiti bai cika zama matsalar ba. Kuma in ina bakin girin, ciyawar a kwance take, ko a wajensa nake fota nake ɗauka. Mummunan bugun fota ya fi mummunan bugun weji, gajeriyar sandar ɗaga ƙwallo sama, kusa da rami. Cikin wata uku 47 ta koma 38.

Tsohon Kadi:
Ranku ya daɗe, ni kadi ne, jakar sandunan 'yan wasa na ɗauka shekaru kafin na fara bugawa da kaina, don haka daga baya na kalli sababbin 'yan wasa da yawa. Kusan dukkansu cuta ɗaya ce: suna son su taimaki ƙwallo ta tashi. Mutum zai jingina baya yana ƙoƙarin kwasota sama, sai gindin sanda ya daki kanta ta tafi tana birgima. Kwanciyar fuskar sanda ce ke ɗaga ƙwallo, don haka aka ƙera ta. Da ƙarfe, ƙwallo ake fara duka sannan ƙasa, ciyawar da za ta fita a gaban inda ƙwallon take za ta fita. Ka gama bugu nauyinka na kan ƙafar gaba.

Na biyu, kowa yana auna kansa da bugunsa mafi kyau. Wanda ya taɓa kai mita 140 da lamba 7 sau ɗaya, kullum ita zai ce a miƙo masa, kullum kuma ƙwallon tana faɗawa gaban girin, inda ruwa da ramin yashi suka fi zama. Ka ɗauki sandar da ta fi wadda zuciyarka ta ce kai nisa da mataki ɗaya, ka saita tsakiyar girin, ka ƙyale tuta. In ka shiga itatuwa, ka fito ta gefe. Tsakanin bishiyoyin nan da kake hange, na ga mutane sun bar bugu huɗu a wurin.

Kuma in ƙwallonka ta nufi mutane, ka ɗaga murya ka yi gargaɗi nan take, kada kunya ta hana ka. Ƙwallon golf ba ta wuce giram 46 ba, amma na ga raunin da take yi.

Mai Ritaya:
Ɗana, kwando biyu kullum ya yi yawa. Ina da shekara 61 na fara, haka na riƙa yi har bayana ya kwantar da ni mako shida. Yanzu ƙwallo 40 nake bugawa, kowace da abin da na saita, kuma sai na miƙe jiki na fara da gajerun sanduna.

Ka riƙa buga ramuka 9 daga wurin tashi na gaba, babu abin kunya a ciki. Ka nemi a koya maka lissafin Stableford, inda maki ake tarawa a kowane rami. In rami ya lalace sai ka ɗauki ƙwallonka ka wuce, bai ɓata maka sauran ranar ba, na bayanka ma ba su jira ba. Tun 2019 minti uku doka ta ba ka na neman ƙwallo, da biyar ne, saboda haka in kana shakkar inda ta faɗa ka sanar ka buga ta wucin gadi kafin ka bar wurin. Tsarin handikaf na duniya da aka fara a 2020, wato rangwamen bugu da ake ba ɗan wasa gwargwadon ƙwarewarsa, yana kaiwa har 54, da irinka a ciki. Doka ta yarda da sanduna 14, amma ni da bakwai na yi shekarata ta farko.

Sabon Shiga:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na dawo da labari bayan mako biyu. Na gyara riƙo, na bar direba a mota, na buga ramuka 9 na yi 58, ƙwallo ɗaya kawai ta ɓace. Hajiya, na ƙirga: 23 da fota. Saura ramin yashi, bugu huɗu na yi a guda ɗaya kafin na fito.

Tsohon Kadi:
Madalla. A yashin gefen girin ba ƙwallo ake duka ba, yashin ake duka. Ka ɗauki wejin yashi, ka ɗan buɗe fuskarsa, ka nutsa ƙafafunka, ka shiga yashin kamar yatsa uku a bayan ƙwallon, kuma kada ka tsayar da sandar, ka bi ta har sama. Yashin ne zai fito da ita. Kafin bugu kada sandar ta taɓa yashin da ke gaba ko bayan ƙwallon, akwai hukunci. Wajen gwaji ka ja layi a yashi ka yi ta dukansa ba ƙwallo har sau 20, sannan ka ajiye ta gaban layin. In ka fito ka share sawunka da manjagara saboda na bayanka.